Ƙafar Saje Bala

Fatakwal
28 ga Oktoba, 2006

Yaya Bala,

Assalamu alaikum. Ina fata kun yi Sallah lafiya kai da uwargida Yaya Atine, Allah ya maimaita mana. Mu nan ƙalau muke, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa, ka san garin nan damina ba ta san ranar tafiya ba. Maigidana Malam Uzairu yana gaishe ka, ɗinkin Sallah ya yi masa yawa har bayansa ya riƙe. 'Yarka Salma ta dawo gidanmu goyon ciki, muna sa rai cikin watan Disamba in Allah ya kai mu.

Yaya, wata magana na ji da ta hana ni sukuni. Anayo, direban nan da yake kawo kabeji daga kasuwar Farin Gada ta Jos, shi ya ce mini ya ga ka faɗi a bakin motarsa ana cikin lodi, har sai da 'yan dako suka ɗaga ka. Ya ce ka hana shi faɗa mini. To ya faɗa, kuma kada ka ga laifinsa, ni na tsare shi da tambaya da na ga yana kauda kai.

Na san ba za ka karɓi waya ba, tunda ka ce tun da igwa ta toshe maka kunne muryar mutum a waya kamar sauro take. Don haka ka rubuto. Ka gaya mini gaskiyar abin da yake damunka, ba irin amsarku ta sojoji ba, ta "komai daidai". Mu biyu muka rage wa Baba da Inna, ba ni da wani da zan tambaya.

Ƙanwarka,
Talatu

Rafin Kuza
7 ga Nuwamba, 2006

Talatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Atine tana gaishe ki, ta ce ki kula da Salma, kada ki bar ta tana shan abin sanyi. Ɗanmu Badaru ya aiko saƙo daga bakin aikin soja a Darfur ta hannun wani kofur da ya zo hutu, yana lafiya, ya ce zafin can ya fi na Maiduguri. Ki gai da Malam Uzairu.

Anayo ya cika surutu. Ban faɗi ba, ƙafa ce ta lanƙwashe, na zauna a ƙasa ba shiri. Ƙafar hagu ce, wadda ƙarfen yake ciki. Kin san ƙarfen da na ɗauko a Anacha lokacin yaƙin basasa, wanda likitocin soja suka ce a bar shi inda yake. Duk shekara in sanyi ya shigo yakan tuna mini da kansa, bana dai ya yi sammako. Sai kuma wani ɗan ciwo a tafin ƙafar, na taka guntun kwano a cikin lambatun ban ruwa tun kafin azumi, har yau bai rufe ba. Na je asibiti a Jos, sun ɗebi jini sun ce suga ya yi mini yawa. Sun ba ni ƙwayoyi, sun hana ni shayi mai sukari. Iyakar labarin ke nan.

Gona kuwa alhamdu lillahi. Kududdufin kuza ya cika bana, ruwan zai kai mu har Maris. Ni da Jang maƙwabcina mun gyara injin ban ruwa, kwana ɗaya nasa kwana ɗaya nawa, kamar yadda muka saba. Na dasa kabeji a fadamar ƙasa, karas da latas a inda Baba yake shuka acca da. In kin ga yadda kabejin ya kama za ki ce ba ƙasar da aka yi wa haƙar kuza ba ce.

Ba zan zauna a ɗaki saboda ɗan ciwon tafin ƙafa ba. Na ɗaure shi da leda in zan shiga ruwa. Ki kwantar da hankalinki.

Yayanki,
Bala

Jos
1 ga Disamba, 2006

Maman Salma,

Sannu da aiki. Ni ne Jang, maƙwabcin Saje. Maman Badaru ya ce in rubuta maka, Saje hannunsa yana rawa da zazzaɓi. Mun kawo shi asibiti a Jos ran Talata. Ƙafa ya kumbura sosai, wurin ƙarfe ya yi baƙi. Likita ya ce suga da ƙarfe sun haɗu. Ya ce ran Litinin za a cire shi. Saje ya ce kada ka tashi hankali, ka zauna da Salma. Gona ina dubawa. Ka yi addu'a.

Jang

Fatakwal
6 ga Disamba, 2006

Yaya Bala,

Assalamu alaikum, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Anayo ya kawo mini takardar Jang jiya da yamma. Da na ga ba rubutunka ba ne sai da gabana ya faɗi, amma da na karanta sai na yi hamdala. Ashe dai ranar rabuwarka da ƙarfen nan ta zo! Tun ina budurwa nake jin Inna tana cewa a cire shi a huta. Yanzu na san an riga an yi aikin, Allah ya sa an yi a sa'a. Ka ce su ba ka shi a kwalba ka ajiye mini, ina so in ga abin da ya hana ka barci duk shekarun nan.

Da na zo, to amma Salma yau ko gobe, ƙafafunta sun kumbura, ba zan iya barin ta ba. Tunda kai ma ka ce in zauna, na zauna. Ka yi wa Jang godiya, har yanzu Hausarsa tana ba ni dariya, ya mai da ni namiji a takarda.

Ga saƙo nan wurin Anayo: busasshen kifi na Yaya Atine, da takalma sau ciki da Malam Uzairu ya sayo maka a Aba. Fata ce mai kyau. So nake da Babbar Sallah ka sa su ka taka har filin Idi ba ɗingishi, mutanen Rafin Kuza su ga Saje ya dawo fareti.

Ƙanwarka,
Talatu

Fatakwal
19 ga Janairu, 2007

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata jiki ya yi ƙarfi. Salma ta sauka lafiya ana saura kwana kaɗan Sallah, mace aka samu, an sa mata sunan Inna. Uwa da 'ya suna lafiya.

Yaya, shirun ya yi yawa. Sallah ta zo ta wuce, suna ya zo ya wuce, ko gaisuwa ban gani ba. Anayo ma na daina ganinsa, an ce motarsa ta lalace a hanyar Lafiya, tana wurin makanikai. Na tambayi sauran direbobin Farin Gada, wannan ya ce bai san ka ba, wancan ya ce ya daɗe bai ga kayanka a kasuwa ba. Malam Uzairu ya ce ƙila aikin rani ne ya ɗauke maka hankali. In haka ne to ka kyauta, kabeji ya fi ƙanwarka.

In kuma fushi kake don ban zo asibiti ba, ka faɗa mini in ba da haƙuri. Wannan takardar ta gidan waya na aiko, da adireshin makarantar firamare, hedimasta zai kawo maka.

Talatu

Tudun Wada, Jos
9 ga Fabrairu, 2007

Talatu,

Wa alaikumus salam. Barka da samun ƙaruwa, Allah ya raya mai sunan Inna, ya ba Salma lafiyar shayarwa. Takardarki ta je Rafin Kuza, hedimasta ya ba Jang, Jang ya kawo mini nan. Muna gidan ƙanin Atine a Tudun Wada, saboda ya fi kusa da asibiti, ana wanke mini ciwo.

Ba fushi nake ba. Na rasa ta inda zan fara ne, kuma hannuna sai kwanan nan ya daina rawa.

Ba ƙarfen aka cire ba, Talatu. Ƙafar aka cire, daga ƙasan gwiwa kaɗan. Ciwon tafin ƙafar ne ya ci ya hau sama, likita ya ce in an bar ta za ta tafi da ni gaba ɗaya. Ya tambaye ni ko na yarda, na ce masa na ga an yi wa waɗanda suka fi ni ƙuruciya a tanti ba allurar barci, ya yi aikinsa. Na sa hannu da kaina.

Da takardarki mai zancen takalma ta iso, kwana uku da yin aikin, Atine ta riƙe mini ita na karanta. Na gane abin da ya faru. Jang a bakinsa ƙafa "shi" ce, ƙarfe ma "shi" ne, ke ma ai "shi" ce. Ba laifinsa ba ne, ba naki ba ne. Na karanta masa wurin, ya fita waje ya daɗe bai dawo ba. Kada ki taɓa yi masa maganar, mutumin nan shi ya goya ni a baya daga bakin titi har cikin asibiti.

Takalma sun iso. Na dama ya yi mini daidai, na gode wa Malam Uzairu.

Yanzu ina koyon tafiya da sanduna biyu a tsakar gida. Abin mamaki, da dare yatsun da babu su sukan yi mini ƙaiƙayi, in kai hannu in tarar da katifa. Likita ya ce haka ake yi, zai daina. Badaru bai sani ba tukuna, kada ki aika masa. Mutumin da yake riƙe da bindiga ba a raba masa hankali.

Karas ya lalace, ya wuce lokacin cira. Kabeji Jang ya sare ya kai Farin Gada.

Yayanki,
Bala

Fatakwal
17 ga Fabrairu, 2007

Yaya Bala,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san yadda zan gaishe ka ba. Sannu, Yaya. Sannu. Allah ya sa iyakar wahalar ke nan.

A tsaye na karanta takardarka a bakin shagon Malam Uzairu, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Kana kwance an yanke maka ƙafa, ni ina nan ina aika maka takalma da zancen fareti. Ka ce ba laifina, amma ni na san in da na sake karanta takardar Jang sau ɗaya da hankali, da na gane. Abin da nake so na gani shi na gani.

Yanzu ka saurare ni, don Allah kada ka ce mace ce take magana. Noma ya ƙare maka. Hanyar fadamar nan ko mai ƙafa biyu santsi yana kayar da shi, balle gangaren kududdufi. In ka zame ka faɗa ruwan nan, wa zai ji ihunka? Mun yi shawara da Malam Uzairu, mun ga abin da ya fi shi ne a sayar da gonar. Tun bara ka ce mini masu gidajen kaji suna nemanta. A sayar, a kama maka ɗaki biyu a Tudun Wada kusa da asibiti, a samar maka rumfa a Farin Gada ka zauna kana dillancin kayan gwari. Kowa ya san ka a kasuwar, manoma za su kawo maka kaya. Ga fanshonka kuma, ko ba ya zuwa a kan kari yana zuwa.

Gonar gadonmu ce mu biyu, shi ya sa na ga ina da bakin magana a kanta. Ka ba ni amsa da wuri, kafin damina ta faɗi.

Ƙanwarka,
Talatu

Tudun Wada, Jos
3 ga Maris, 2007

Talatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ciwo yana rufewa.

Na ga takardarki, na kuma ga inda kika ce gonar gadonmu ce mu biyu. Gaskiya kika faɗa. Tun rasuwar Baba nake noma kasonki tare da nawa, ban taɓa zama na tambaye ki ko kina so a raba ba. Yanzu da kuka ga na zama gurgu kun ga lokaci ya yi. Ba komai, haƙƙinki ne. Ki turo Malam Uzairu, ko ki wakilta wanda kika ga dama, a kira liman da mai unguwa a auna a fitar miki da naki. Ki sayar wa masu kaji ko wanda kika so. Abu ɗaya nake roƙo, a bar mini ɓangaren da yake bakin ruwa.

Nawa kason ba na sayarwa ba ne. Ban iya zaman rumfa ba.

Bala

Fatakwal
12 ga Maris, 2007

Yaya,

Ko gaisuwa ba zan tsaya yi ba, don raina a ɓace yake. Ni Talatu za ka ce ina jiran ka nakasa in karɓi gado? Ni da ka sayar da kekenka ka yi mini kayan ɗaki lokacin da Baba ba shi da ko sisi? Tun da nake, na taɓa tambayar ka ko kan kabeji ɗaya daga gonar nan? Abin da kake aiko mana duk kaka, ka taɓa jin na ce ya yi kaɗan?

Na ce gadonmu ne don ka san ina da ikon cewa a sayar da nawa a haɗa maka, ba don in ci ba. Malam Uzairu da ya ji abin da ka rubuta ko abinci bai ci ba ranar. Shi da ya ce in kuɗin gonar bai isa ba zai sayar da keken ɗinkinsa ɗaya.

Na yi kuskuren karatu sau ɗaya, na ɗauki ƙafa a kan ƙarfe, na yi kuka na ba da haƙuri. Kai kuma da Hausarka garau ka karanta takardata ka ga abin da babu shi a ciki. Ba na son kaso, ba mai zuwa awo. In ka ga dama ka noma ta da haƙora. Tsorona ɗaya ne, kada wata rana Anayo ya tsaya a ƙofata ya cire hula ya yi mini ta'aziyyarka.

Salma ta yi arba'in ta koma ɗakinta. Ina nan tafe bayan zaɓe, in hanya ta yi lafiya. In ka so ka karɓe ni, in ba ka so ba zan sauka wurin Yaya Atine.

Talatu

Rafin Kuza
29 ga Maris, 2007

Ƙanwata Talatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ke da Malam Uzairu da su Salma. Mu mun dawo gida tun makon jiya. Atine tana gaishe ki, ta ce ki taho mata da manja.

Na karanta takardarki, Atine kuma ta sa na sake karanta mata da ƙarfi, sannan ta faɗa mini abin da ya fi naki zafi. Na yi kuskure. Mutumin da ya wuni a kwance yana kallon rufin ɗakin wani, komai aka faɗa masa sai ya ji kamar ana shirin nannaɗe masa tabarma ne. Ki yafe mini, ki kuma ba Malam Uzairu haƙuri, ki ce masa ya bar kekensa inda yake.

Tsoronki gaskiya ne, ban raina shi ba. Ga abin da muka tsara. Gangaren kududdufi na bar shi, na yi wa Atine alkawari, Jang ne shaida. Shi zai riƙa sauka wurin inji, ni kuma na karɓi rainon iri na gonakinmu biyu, wannan aikin zaune ake yin sa. Huɗa da sassabe za mu sa 'yan ƙwadago. An auna ni a wurin masu yin ƙafar roba, sun ce sai dungun ya gama saɓewa, ƙila bayan damina.

Ranar Asabar na je gonar, karo na farko. Jang ya kai ni a babur har bakin hanya, daga nan na ce ya sauke ni. Sandunan suna nutsewa a kunya, ban yi nisa ba na kife. Jang ya yunƙuro, na ce masa, "Tsaya inda kake." Ya ce, "Saje, ka bari in taimaka." Na ce, "Ranar da ba ka nan fa?" Ya tsaya yana kallo, ya harɗe hannu a baya kamar sabon kurtu. Na daɗe ina fama, amma na tashi. Na isa inda nake so, na shimfiɗa buhu na zauna na yanka irin dankali har azahar. Ruwan farko muke jira.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Da aka yi aikin, asibiti sun ba Atine ƙafar a naɗe, suka ce a je a binne. Ta tambaye ni ko a kai maƙabarta, na ce a'a, can sai na zo gaba ɗaya. Liman da Jang suka kawo ta nan, suka binne ta a gefen gona ta gabas, gindin bishiyar gwaiba. Ƙarfen ma yana ciki, ba su raba su ba, don haka ba kwalbar da zan nuna miki. Ranar Asabar ɗin a kusa da wurin na zauna. Ciyawa har ta fara rufe shi. To kin ji, ko na so sayarwa, ban ga yadda zan karɓi kuɗin mutum ya zo ya kafa ɗakin kaji a kan ƙafata ba.

Ki taho bayan zaɓe kamar yadda kika ce. Ki gaya wa Anayo ya sauke ki a mararrabar Rafin Kuza, kada ya wuce da ke Farin Gada. Ki zo da rigar sanyi da tsohon zane, don ba zaman ɗaki za ki yi ba. Ina buƙatar mai miƙo mini iri.

Yayanki,
Bala